Yankan Tsuntsayen Takarda

Mahaifina, Ɗanjuma mai bulo, bai taɓa kama tsuntsu da hannunsa ba, amma duk unguwarmu ta Aljirif babu wanda ya kai shi tara tsuntsaye. Nasa na takarda ne, suna kwance cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuma kowannensu yankakke ne. Mahaifiyata Barakatu ce take yanka su.

A yankin Jazira, kudu da Khartum, aka haife shi, iyayensa 'yan ƙwadago a gonakin auduga da dawa. Aikinsa na farko a duniya korar tsuntsaye ne. Sai a ɗora shi kan rumfa a tsakiyar gona, a miƙa masa gwangwani da majajjawa. Kakata takan ce ba a taɓa yin mai gadi marar amfani irinsa ba, don tsuntsaye na cin dawa shi yana kallonsu baki buɗe. Da ya girma ya gangaro Khartum, ya samu aiki a kamina, wato wurin gasa jan bulo, nan bakin kogi.

Da asuba, kafin a fara kwaɓa laka, yakan zauna kan tudun bulo ya fuskanci ruwa. Hayaƙin kamina ya kwanta a kan kogin, zalɓe ya tsaya a cikinsa da ƙafa ɗaya kamar barci bai sake shi ba, balbelu su wuce ƙasa-ƙasa ba ko motsin sauti. Baba ba ya zane a wurin. Kallo kawai yake yi, ya dawo da abin da ya gani a cikin kansa, sai bayan la'asar ya sauke shi a kan takardar buhun siminti. Baƙinsa gawayi ne, jansa garin bulo da ƙaro, shuɗinsa kuwa na wankin Inna ne, wanda kullum take cigiya.

Ya taɓa mallakar kyamara na wata biyu, wani ɗan'uwa ya aiko masa daga Jidda. Lokacin sojoji sun shekara uku da karɓar mulki. Wata safiya yana ɗaukar hoton shamuwa kusa da gada, wasu mutane suka karɓe kyamarar, suka tambaye shi wa ya aiko shi. Ya ce shamuwa. Bai dawo gida ba sai yamma, kuma bai sake neman wata ba.

Inna 'yar malamai ce, a zauren karatu ta tashi. Tun tana ƙarama ta ji cewa wanda ya zana abu mai rai, ranar lahira za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Ta kuma ji cewa in an ja layi an raba kai da gangar jiki, hoton ya tashi daga mai rai. Saboda haka duk zanen da Baba ya gama, kafin ya shiga akwati sai ta ɗauko baƙin biro, ta yi bisimilla, ta ja layi siriri kamar gashi a wuyan tsuntsun.

"Ke 'yar Malam," in ji Baba, "a ina aka ce mace na yanka?"

"Inda maza suka kasa. Halas, miƙo na gaba."

Ni kam haushinta nake ji, ba na ɓoyewa. Mutum ya yi kwana huɗu yana lallaɓa gashin wuyan kurciya, ki zo da biro ki ratsa? Da suka je aikin hajji, jama'a suka dawo da dabino da carbi, Baba ya dawo da tattabarun Makka a bayan takardun masauki. Ko zamzam ba a raba ba Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ce mata ba ta da tausayi. Ta ce, "Ni'mat, ke tsuntsu kike tausayi. Ni ubanki."

Shekarar da kogi ya yi babbar cikowa, bayan ruwa ya janye, wani tsibirin yashi ya fito tsakiyar ruwa. A nan Baba ya ga gauraka biyu, abin da rabonsa da gani tun yarinta a Jazira. Ya ce rana ba ta fito ba tukuna, amma tukkayen kansu sun riga sun kama haske. Suka rusuna wa juna, suka buɗe fukafukai, suka yi tsalle a hankali, suka sake rusunawa. Ya ce bai san tsawon lokacin da ya tsaya ba, laka dai ta bushe masa a hannu. Washegari babu su. Ya yi shekaru yana ba da labarin nan, kowane karo a hankali fiye da na baya, kuma duk wanda ya ce ina zanen, sai ya ce ai wannan ya fi ƙarfin gawayi.

Shekara shida bayan haka ciwo ya kwantar da Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Wata hantsi ta sa na jawo akwatin, na riƙa ɗaga mata takardun tana duba wuyansu. Da muka kai ƙarshe ta juya ido wajen Baba, wanda ke zaune bakin ƙofa.

"Baban Ni'mat, akwai saura."

Baba ya saci kallon madubin ɗaki, Inna ta ci gaba.

"Mutumin da bai bar tattabarar Makka ba, shi zai bar gauraka? Na sani tun tuni. Na ce bari in bar ka da su, ai akwai lokaci. Yanzu babu. Ba zan iya tafiya in bar ka da bashin rai biyu ba."

Baba ya tashi ya sauke madubin ɗaki, ya zare wata takarda daga bayansa. Ban taɓa ganin abin da ya zana kamar wannan ba. Ga su nan a kan yashi, ɗaya ya ɗaga ƙafa bai sauke ba, wuyansu dogaye, lafiyayyu, babu ko ɗigo. Inna ma ta daɗe tana kallo. Na sa mata biro a hannun hagu, ya zame. Na sake sa mata, ya sake zamewa. Ta dube ni, na kau da kai, don wallahi ba zan iya ba. Sai na ga hawaye na gangara mata zuwa kunne, kuma na san ba na ciwo ba ne, tsoro take ji masa.

Baba ya tsugunna ya ɗauki biron daga ƙasa. Ya shimfiɗa takardar a gefen gado inda za ta gani sosai, ya yi bisimilla. Layinsa ya fito kauri, karkatacce, har takardar ta ɗan yage a wuyan na biyun.

"Ya yi, 'yar Malam?"

"Ya yi," in ji ta. Ta lumshe ido, ta yi barcin da rabonta da shi kwana uku.