Ki Jira Azahar, Inna

Da na bar koyarwa a lakkol ta Kona, wurin yayana na koma a Tasawa. Ɗan canji ne, yana da tebur da laima kusa da tasha, yana sayen naira yana sayar da sefa. Ya ba ni benci kusa da shi, ya koya mini aikin cikin mako guda.

Darasin bai da yawa. Da safe ake sayen naira, tun kafin farashin ranar ya iso daga Maraɗi. Mutanen ƙauye sammako suke yi, suna son su yi cefane su koma kafin rana ta yi zafi, ba su da halin ciniki. Yayana yakan ba su ƙasa da farashin jiya. Bayan azahar, in waya ta kawo labari, sai ya sayar wa ƴan kasuwar da za su tsallaka iyaka. Na taɓa ce masa wannan cin jahilcin mutane ne. Ya ce shi ma da safe bai san abin da rana za ta kawo ba, don haka dole ya kare kansa.

Wata ranar kasuwa, farkon damina, yayana ya tafi gaisuwar mutuwa ya bar mini tebur. Sai ga wata tsohuwa daga Kona, wadda na koyar da jikokinta. Ɗanta da ke ci-rani a Kano ya aiko mata da naira, ta ɗauro su a bakin zane. Hatsi take so ta saya, rumbunta ya ƙare.

"Mushe, kai na sani cikin ƴan canjin nan," in ji ta, da sunan da ake kiran malaman lakkol da shi. "Canza mini."

Kwana uku ke nan naira na ɗan hawa. Na dubi kuɗinta, na ji kunyar in ba ta farashin yayana.

"Inna, ki jira azahar. Za ki samu fiye da haka."

"Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ta zauna gindin itacen bedi, ba ta ci komai ba. Ina kallonta tana bin inuwa tana gusawa.

Bayan sallah waya ta yi ƙara. Naira ta faɗi, faɗuwar da ban taɓa gani ba tun zamana a wurin. Farashin safe da na raina ya zama abin nema. Na so in ba ta shi duk da haka, amma yayana ya riga ya dawo, kuma kuɗin tebur nasa ne. Ya ce in ina da tausayi in cika daga aljihuna. Aljihuna dala ashirin ce a ciki.

Ta karɓi abin da aka ba ta. Masu hatsin ƙauye da ke sayarwa da sauƙi sun watse, sai na rumfa. Da ta dawo ta gabanmu, buhunta bai kai rabi ba.

"Da ka ce mini ba ka sani ba, Mushe, da na yi abin da na saba," ta ce, ta wuce.

A Kona labari ya bazu cewa na tsare ta ne da gangan don mu ci riba. Iyayen yaran da na koyar suka daina gaishe ni. Duk da haka suna zuwa da sassafe, su yi layi gaban yayana, ya rage musu kamar kullum, su yi masa godiya. Sukan ce shi mutum ne mai magana ɗaya.

Na ƙara shekara biyu a bencin nan. Ban sake ba kowa shawara ba. Wanda ya miƙo naira da safe, na karɓa, na ba shi farashin yayana.