Kyanwar Tela a Ɗakin Inna Tsaf-tsaf

Ma'aikatan jinya ne suka raɗa mata Tsaf-tsaf, sunan kuwa ya biyo ta har gida bayan ta yi ritaya. A shara da goge-gogen ɗakin marasa lafiya ƙuruciyarta ta ƙare. Idan aka sallami majinyaci, ko ya cika, ita ce mai zuwa da bokiti ta yaye zanen gado, ta goge ƙarfen da ruwan magani mai warin nan, ta bar wurin kamar ba a taɓa kwana a kai ba. A saninta haka ake karɓar baƙo, a share masa duk alamar wanda ya riga shi.

Yanzu ɗaki ɗaya gare ta a gidan haya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta tilo tana can wani gari mai nisa, takan bugo waya, amma rabin hirar "Inna, kina ji na?" ne. Da safe ta goge ɗaki, da yamma ta sake gogewa, alhali ba wanda ya taka balle ya ɓata. Kaɗaici ya ishe ta, ba ta dai faɗa wa kowa.

Wata rana maƙwabciyarta tela, wadda ƙarar kekenta ke ɗebe wa Inna kewa ta bayan bango, ta leƙo ta ce za su tashi.

"Inna, inda za mu koma mai gidan ya ce ban da dabba. Ki riƙe mini kyanwar nan mana. Ba ta da fitina, sai son jiki."

"Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba?" in ji Inna.

Faɗa kawai ta yi. Kafin tela ta gama ɗaure kaya, Inna ta shiga kasuwa ta fito. Ta sayo kwanon ci da na ruwa, da baho mai faɗi ta cika shi da yashi don bayan gida, da kwando ta shimfiɗa masa sabon tawul. Ta je wurin kafintan bakin layi ya naɗa mata igiya a jikin guntun katako, wai don kyanwa ta riƙa wasa farce. Har mataji ta saya. Rabon da ta yi wa wani rai sayayya ta manta, shi ya sa ta dawo gida tana 'yar waƙa.

Ranar tashi tela ta kawo kyanwar, baƙa mai farin wuya, tare da wani tsohon tsumma duk gashi da maiƙo.

"Wannan nata ne, Inna, a kansa take kwana. Bar mata shi."

Inna ta bar mata shi kuwa, amma sai da ta jiƙa shi a ruwan magani, ta cuɗe, ta shanya, ta bi shi da dutsen guga. Kyanwar ta shinshina tsumman sau ɗaya, ta shige ƙarƙashin gado.

Daga nan aka shiga 'yar tsama. Kyanwa ta fito ta goga kumatunta a ƙafar kujera, Inna ta bi wurin da tsumma. Ta taka yashi, Inna ta zubar, ta wanke bahon tas da magani. Duk inda baiwar Allah ta bar ƙanshin jikinta don ta gane gida, kafin ta juyo an goge. Ita kuwa Inna gani take hidima take yi. Abinci ya riƙa bushewa a kwano. Kyanwar ta koma zaman ƙofar tela tana kuka, ɗakin kuwa a kulle, ba kowa ciki. Ran nan Inna ta dawo daga shanya ta tarar babu ita.

A shagon kafinta ta same ta, ta miƙe a kan tarin ƙurar katako, kusa da wata tsohuwar rigar aiki. Inna ta ɗauko ta ta mayar gida, kyanwa ta sake komawa. Da ta je ɗauko ta karo na gaba, sai kafinta ya ajiye zarto yana dariya.

"Inna, ni ban kira ta ba wallahi. Amma ɗakinki ai ko ni na shiga sai in ji kamar allura za a yi mini."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta soke ta. Ta zauna a bencinsa tana bin wurin da kallo. Shago kaca-kaca, warin gumi da na fenti, ga dabba tana barci a ciki hankali kwance. Ita kuma tana da ɗaki ƙal, ko kyanwa ta ƙi zama da ita. Hawaye ya taru mata, ta ce ƙurar katako ce.

Da za ta tashi, ta cire rigar sanyin da ke jikinta ta ajiye a gefen kyanwar.

"Bar ta nan," ta ce wa kafinta. "Kada ka kakkaɓe."

Bayan 'yan kwanaki ta je ta tarar kyanwar ta mai da rigar gado, duk ta yi gashi da ƙura. Inna ta zare rigar a hankali, ta kai gida a haka, ta sa a kwando. Ranar ba ta taɓa bokiti ba, washegari ma haka. Ta bar ƙofa a buɗe ta zauna bakin gado, ƙura tana taruwa a ƙasa tana ci mata rai.

Da la'asar sai ga kyanwar a bakin ƙofa. Ta daɗe tana shinshina dokin ƙofar kafin ta shigo, tana barin sawun ƙurar katako a kan siminti. Ta je ta goga kumatunta a ƙafar kujera. Hannun Inna ya miƙa da kansa wajen tsumman gogewa. Ta janye hannun, ta tura hannayen biyu ƙarƙashin cinyarta, ta danne su da ƙarfi.