Ranar da mota ta manta ralanti a Ollelewa

Sau uku ina tada motar, sau uku tana mutuwa da na ɗaga ƙafa. Yaya Mamman na kwance a baya, kububuwa ta sare shi a gonar hatsi, ƙafarsa sai kumbura take.

Ƙarshen shekarun tamanin ne. Motar irin wadda Turawa ke ƙetaro hamada da ita su sayar ce, mai ƙwaƙwalwa a cikin inji. Ashe da safe dangi sun cire batir ɗinta sun kunna rediyo a wurin suna. Wani makanikin Damagaram kuwa ya taɓa gargaɗina: in aka cire batir, takan manta ralanti, wato jan numfashinta a tsaye. Sai an bar ta tana aiki minti goma, ba a taɓa komai ba, sannan ta tuna.

Na sake tadawa, ta kama da ƙyar tana karkarwa. Na naɗe hannu.

Inna ta buga gilashi. “Issufu, ɗan'uwanka na mutuwa, kai kana zaune?”

“Inna, in na ja ta yanzu, cikin rairayi za ta mace mana, inda ba kowa.”

“To in ya cika a nan, kai za ka yi wa 'ya'yansa bayani.”

Agogo kawai nake kallo. Da muryar injin ta daidaita, na ja. Ba ta tsaya ba sai likitar Tanout, wato asibiti.

Yaya ya rayu. Inna kuwa har ta rasu ba ta yarda na yi daidai ba.

Ku da kun iya zaman minti goman nan?