Jita da Akuya

Da mahaifinki ya yi mini maganarsa ta ƙarshe, da akuya yake ko da jita? Shekara uku ke nan ban samu amsa ba. Rubuta yadda na faɗa, 'yata, kada ki gyara mini baki. Ni ban yi lekol ba, ban san boko ba.

Mahaifinki ya yi makarantar lise a nan Garwa, yana cikin 'yan fanfar, masu busa da ganga da ke gaba ranar faretin defile. Begila aka ba shi ya riƙa busawa, wata tsohuwar begila mai lotsattsen baki. Labarin nan na ji shi har ya fita kaina. Da ya kama aiki sai ya sayo jita mai araha wajen wani ɗan kasuwar Mayo-Oulo, katakonta kamar na akwatin sabulu. Ba ta yi wata biyu ba wayoyinta suka tsinke, ya warware wayar birkin keke ya ɗaura mata.

Duk Lahadi bayan la'asar abokinsa zai zo, wanda ke buga babbar ganga a fanfar. Su zauna ƙarƙashin dalbejiya, shi abokin ya kifa bokitina yana duka. Waƙa uku suka iya, su suka yi ta maimaitawa shekara arba'in. Bokiti huɗu mutumin nan ya fasa mini, ko sannu bai ce ba. Na tsani ƙarar wayar nan, kamar ana kankare tukunya.

Ciwo ya kwantar da mahaifinki da bazara. Jitar na rataye a ƙusa kusa da ƙofa. A tsakar gida kuma akwai akuyata mai ciki, ɗaure a turke, tana ta kuka. Da hantsi ya juya idonsa wajen ƙofar ya ce in sassauta mata. Na fita da sauri, na sassauta wa akuya igiya, na kai ta inuwa, na ba ta ruwa. Da na dawo bai ƙara magana ba. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Na rufe ɗakin na shiga takaba. Ɗaki ne mai kwano, kin san zafin Garwa.

Bayan na fita takaba abokin ya yi sallama.

"Uwargida, jitar ɗan'uwana na zo karɓa. Ke ba ki da abin yi da ita."

Na buɗe ɗakin don in rabu da shi. Sai muka tarar wayoyin sun janye wuyanta ya lanƙwashe kamar lauje, cikinta ya tsage. Tsohon nan ya dafe kai.

"Kin kashe ta! Wayar birki ce fa, baiwar Allah! Duk bazara sai ya sassauta ta. Bai gaya miki ba?"

Ban gaya masa abin da mahaifinki ya ce ba. Na ce, "Kun taɓa koya mini? Shekara arba'in shayi kawai nake kawo muku."

"To ba ni in kai wa kafinta."

"Sau nawa ka zo duba shi yana kwance? Sau biyu! Bokitin ma ya fi ka zumunci. Fita mini daga gida."

Ya sake dawowa, ya aiko limamin unguwa, ban bayar ba. Ba zan bayar ba. Tana nan a ƙusarta, a karye. Ban yafe mata ba, ban yafe wa abokin nan ba. Mahaifinki kuwa ina roƙa masa gafara kullum, ina kuka, ina jin haushinsa. Ko akuya ko jita, ni dai ba ni ce a bakinsa ba. Ina riƙe da hannunsa fa, ya dubi ƙofa ya ce:

"Ki sassauta mata. Zafi ya yi mata yawa."