Matar da Kaka Ta Bari a Tsakiyar Gulbi

Har yau ina jin haushin Kaka Lami a kan tatsuniya guda ɗaya, ko da yake ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ba ta hutawa. Ni mutum ce mai son a ba ni amsa. Ina jin shi ya sa ma na zama malamar lissafi a firamare, don in an ce biyu a tara da biyu ba wanda zai ce maka sai abin da hali ya yi. To ita Kaka, uwar babana, ta ba mu labari ɗaya ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kai shi ƙarshe ba.

A lokacin muna haya a Mabera, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Babana malamin makaranta ne, aiki ya kawo shi Sakkwato daga ƙasarmu ta kudancin Kaduna, shi kuma ya ɗauko Kaka don kada ta zauna ita kaɗai a ƙauye. Ba ta taɓa shiri da zafin garin nan ba. Cewa take yi rana a Sakkwato ba fitowa take yi ba, faɗowa take yi. Amma da sanyi ya shigo, to lokacinta ya yi. Ana gama cin tuwo sai ta hana Mama kashe wutar murhu, ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi. Mu kuwa mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu, da Hauwa'u 'yar mai gidan da muke haya, wadda ana idar da sallar isha'i za ka gan ta ta faɗo mana kamar an jefo ta.

Hausar Kaka ta koyo ce, don haka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ga wata tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna, Kaka."

Wai an yi wata mata da gobara ta cinye mata rumbu a shekarar yunwa. Tana zaune bakin hanya tana kuka, sai ga wani tsoho ya miƙo mata ƙwarya, an rufe ta da faifai an ɗinke bakin kaf. Ya ce, "Rabonki ne. Ki kai ƙetaren gulbi, a can za a buɗe miki." Ta ce, "Baba, me ke ciki?" Ya ce, "Ɗauka na ce ki yi, ban ce ki sani ba."

Ta ɗora a ka ta kama hanya. Ta gamu da kura, kura ta sansana ta ce, "Duwatsu ne, tsohon nan ya mai da ke jaka. Yar da su ki huta." Ta gamu da hankaka, ya leƙa ya ce, "Zinariya ce, rantsuwa na yi. Buɗe mu raba." Ta gamu da kunkuru, ya janye wuya ya ce, "Maciji ne. Wani maƙiyinki ya aiko miki." Kowannensu Kaka tana da muryar da take yi masa, ta kunkuru kuwa har sai ta shaƙe hanci, mu yi ta birgima don dariya. Ita kuma ƙwaryar, wata rana nauyinta kamar dutsen niƙa, wata rana kamar ba komai a ciki. Matar nan ta rasa wanda za ta gaskata, ta dai ci gaba da tafiya.

Ta iso gulbi, ga shi damina ce, ya cika ya batse, ba jirgi ba mai fito. Ta dafe ƙwarya ta shiga. Ruwa a idon sawu. A nan Kaka takan rage murya, ta riƙa taɓa jikinta tana nuna mana. Ruwa a gwiwa. Ruwa a ƙugu. Ruwa a ƙirji. Ruwa a wuya. Mu duk mun riƙe numfashi, sai kawai ta ɗauki kara ta tona toka ta ce, "Gyaɗa ta gasu."

Shi ke nan fa! Wai an gama.

Hauwa'u ce kullum ke fara tsalle. "Haba Kaka! Tau mi ya hwaru? Ta haye ko ruwa ya tahi da ita?"

Kaka ta hure toka daga gyaɗa ta ce, "Ni dai inda na baro ta, ƙafarta tana kan ƙasa."

Ni kuma in ce, "To ƙwaryar fa? Me ke ciki?"

"Ke Rahila, ni aka ba?"

Kai, wannan abu ya ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi kuka, na yi fushi, akwai ranar da na ƙi karɓar gyaɗar ma, ita kuwa ko a jikinta, ta ba Hauwa'u rabona. Da na gaji sai na ƙirƙiro nawa ƙarshen. Na ce matar ta haye, an buɗe ƙwarya, gero ya yi ta zuba har ta cika rumbu bakwai. Kaka ta saurare ni tsaf, sannan ta tafa hannu ta ce, "Iye! Ashe kin je can kin dawo ba mu sani ba? Yaya kika baro mutanen ƙetare?"

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a coci duk labarin da ake ba mu a makarantar Lahadi yana da ƙarshe. Teku ta rabe, makaho ya gani, gurgu ya miƙe. To yaya za a yi Kaka, matar da ke zama a bencin gaba, wadda muryarta ta fi ta kowa a waƙa, ta bar baiwar Allah cikin ruwa har wuya ta koma cin gyaɗa? Na zaci mantuwa ce ta tsufa. Wani lokaci ma, Allah Ya gafarta mini, na zaci bangaskiyarta ce ba ta kai ba.

Sai bayan mun binne ta, ina budurwa, Baba ya faɗa mini abin da ba a taɓa zancensa a gidanmu ba. Ya ce yana rarrafe mahaifinsa ya tafi haƙar kuza wajen Jos, ya ce zai dawo kafin a yanke dawa. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba gawa. Wasu suka ce rami ya rufta da shi, wasu suka ce ya yi wani aure a can, wasu suka ce asiri aka yi masa. Kaka ba ta yi zaman makoki ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta yi nomanta ta reni ɗanta. Baba ya ce, "Har ta koma ga Ubangiji ba ta san ko ita gwauruwa ce ko matar aure ba."

Na ce, "Shi ya sa ba ta ƙarasa tatsuniyar?"

Ya ce, "Oho. Ni ma haka ta ba ni ita."

Maimakon wannan ya warware mini, sai ya ƙara dagula ni. In har Allah bai haye da ita ba, to godiyar me take yi kullum da asuba, da ƙarfi har tana hana mu barci?

Bara, wata rana da safe, mijina Ishaku ya shiga wanka zai tafi ofis. A unguwar Arkilla muke yanzu, nan Sakkwato. Lafiya lau muka tashi, har yana tsokanata wai shayina ya yi ruwa. Sai na ji faɗuwa. Shanyewar ɓarin jiki ce, hannu da ƙafa na dama, harshe ma ya yi nauyi. Na tsare likita na ce ya gaya mini gaskiya, mijina zai sake takawa ko ba zai sake ba? Ya ce, "Malama, yana iya takawa, yana iya kasawa. Mu ba shi lokaci." Wato ni da ke ba yara sifili in sun bar tambaya ba amsa, ni aka miƙo wa wannan.

Masu dubiya sun zo, Allah Ya saka musu. Wata daga cikin matan zumunta ta coci ta ce gwaji ne, babbar albarka na tafe, in shirya ba da shaida. Wata ta ja ni gefe ta ce hannun maƙiya ne daga ƙauye, sai na yi azumin kwana bakwai. Yayan Ishaku kuwa cewa ya yi in daina wahalar da kaina da asibiti, irin wannan ba ya tashi, in saba kawai. Kowa ya faɗi tasa da tabbaci, ni kuwa in sun tafi sai in durƙusa in rasa abin roƙo. In roƙi warkarwa ne, ko in roƙi ƙarfin jinya? In na roƙi na biyun, ashe ban fid da rai ke nan ba? Sau da yawa abin da ke fita bakina bai wuce "Yesu, kana gani" ba.

Ran nan sai ga Hauwa'u daga Ƙofar Marke, inda take aure, da kwanon fura a hannu. Ta tarar da falo cike ana ta yi mini fassara. Ta ajiye kwanon ta zauna gefe. Da aka watse ta dube ni ta ce, "Rahila, tau wace ce kura cikinsu, wace ce hankaka?" Muka fashe da dariya, muka yi ta yi har ta juye mana kuka.

A makon nan aka ɗauke wuta da magariba, ina dafa abinci a kan gawayi, sai 'yata Saratu, mai shekara takwas, ta matso ta ce in yi mata tatsuniya. Ban shirya ba, na ji bakina ya ce, "Ga wata tafe, ku ba ta wuri." Na yi mata kura, na yi hankaka, na shaƙe hanci na yi kunkuru. Na kai ruwa har wuya na tsaya.

Ta ce, "Ta haye, Mama?" Amma ba ni take kallo ba. Ƙofar ɗakin babanta take kallo.

Wallahi rumbuna bakwai ɗin nan sun zo mini har kan harshe. Me zai ragu a jikina in na ce ta haye, yarinya ta yi barci da daɗin rai? Amma ban je can ba, balle in dawo. Na ce, "Ni dai inda na baro ta, ƙafarta tana kan ƙasa."

Ta turo baki, sak yadda nake yi wa Kaka. "Wannan ai ba ƙarshe ba ne."

Na ce, "Na sani."

Shekara da shekaru ina ɗaukar maganar nan a kan zille wa tambaya ce. Ban taɓa tsayawa na lura cewa mai ruwa a wuya ba ya ganin inda yake takawa ba. Ƙafa ce ke lalube ta samu, taku ɗaya, sannan wani, kuma ba shi ya shimfiɗa ƙasar a wurin ba. Ko abin da Kaka ke wa godiya ke nan da asuba? Wataƙila. Ba zan ce na gane duka ba. Har gobe ina son in san abin da ke cikin ƙwaryar nan, kuma ranar da Allah Ya haɗa ni da tsohuwar nan sai ta gaya mini.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce kullum da safe in zaunar da Ishaku a bakin gado, in sauke masa ƙafafu, in ɗaga shi tsaye. Yana jin tsoro, don ƙafar daman ba ta gaya masa komai. Yau da na ɗaga shi sai ya ƙanƙame kafaɗata, ya ce da harshensa mai nauyi, "Rahila, ba na jin ƙasa."

Na ce, "Tana nan, Baban Saratu. Ko ba ka ji ta ba, tana nan. Taka."

Ya taka. Guda ɗaya. Inda muke ke nan.