Daddawar Gagarawa

Maigidana ɗan koli ne, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da ɗoriya na yi a gidansa a Gumel, ban taɓa samunsa mako guda cur ba sai da damina, lokacin da gona take riƙe shi. Ranar Asabar yakan ɗaure akwatinsa a bayan keke ya yi Gagarawa da ƙauyukanta. Litinin ya dawo ya kwana. Talata ya yi yamma wajen Sule Tankarkar, yana bin ƙauyuka yana kwana a zaurukan mutane, har ya faɗa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa. Juma'a a gida yake yin ta. Daga baya ya sayi babur, na yi zaton kwanakin za su ragu. Ba su ragu ba, ƙauyukan ne suka ƙaru.

A cikin akwatin akwai allura da zare, madubi, kwalli, 'yan kunne, reza, man shafawa da ƙananan kwalaben turare. Ya san garin da ake sayen jan zare da garin da ba a saye. Ya san gidan da ake dama masa fura, da gidan da ake ba shi ruwa a ce masa sannu da rana. Ya san inda rairayi yake kama ƙafar keke, dole mutum ya sauka ya tura. Matan da ba sa fita kasuwa shi ne kasuwarsu, sai ya tsaya a zaure a shiga da kaya a zaɓa a fito da saura. In ya dawo in kai masa ruwa, ya ci tuwo, ya ba ni labarin mutanen da ban taɓa gani ba. Na san wadda ta haifi tagwaye a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, na san wanda jakinsa ya faɗa rijiya, amma ban san fuskar ko ɗaya ba.

Bayan kayan sayarwa yana ɗaukar saƙo. Uwa ta ba shi ƙullin kuka ya kai wa 'yarta da take aure a gari na gaba, 'yar ta ba shi gaisuwa da ƙorafi ya mayar. Da waya ta zo saƙon baki ya ragu, ƙulli kuwa bai ragu ba, tunda ba a tura kuka ta waya. Shi kuma ba ya ajiye ƙulli ya wuce. Sai ya zauna, ya sha ruwa, ya faɗi yadda ya baro mai saƙon, ta rame ko ta yi ƙiba, me ta ce, da fara'a ta faɗa ko da ɗaure fuska.

Shi ne auta a ɗakinsu. Yayyensa mata biyu ne suka rage, ɗaya tana aure a wani ƙauye kusa da Gagarawa, ɗaya a Maigatari. Ta Gagarawa nake kira Yaya Babba, ta Maigatari Yaya Ƙarama. Su kuma Amarya suke ce mini, har na aurar da 'ya'ya ba su canza ba.

Da mahaifiyarsu ta rasu suka ɓata a kan tukunyar ƙarfe, irin babbar nan ta girkin biki. Yaya Babba ta ce tsohuwa ta yi mata alkawarinta. Yaya Ƙarama ba ta yi musu ba, ta dai sa an ɗora tukunyar a motar Maigatari tun kafin sadakar bakwai. Aka yi maganganu a tsakar gida waɗanda ba zan rubuta ba. Ta ƙarshe ita ce kowacce ta ce ko gawarta kada ɗayar ta zo. Aka shekara shida ba gaisuwa.

Abin ya tsaya wa maigidana a rai. Duk mako yana cin abinci a gidan wannan, ya ci a gidan waccan, yana ɗauke da saƙon kowa a ƙasar nan ban da na 'yan ɗakinsu. Tsoronsa kada ɗaya ta mutu a haka. Ya yi magana, ya sa manya sun yi. Kowacce ta ce ta yafe, amma ba ita za ta fara ba.

Wata Litinin ya dawo daga Gagarawa ya tarar ina shanya daddawar batso, wadda nake yi da 'ya'yan zoɓorodo. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce in ƙulla masa kaɗan, ba a leda ba, a tsohon tsumma, yadda matan ƙauye suke yi. Na tambaye shi ta wace ce. Ya ce ta Yaya Babba ce, za ta aika wa Yaya Ƙarama. Na ce ta sani? Ya ce tukuna.

Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya tambayi malamin da yake sauka a zaurensa a ƙasar Sule Tankarkar, malamin ya ce maganar da aka yi don gyara tsakanin 'yan'uwa ba irin ƙaryar da ake kama mutum da ita ba ce. Na ce to malamin ya faɗi matsayin mai yin daddawar? Ya ce wannan bai tambaya ba.

Ranar Alhamis ya kai. Ya ce Yaya Ƙarama ta kwance ƙullin, ta shinshina, sannan ta ce ai dama ta san wata rana Yaya za ta gane kuskurenta. Ta ce a gaishe ta. Ya fito ya shiga kasuwa wajen mutanen Nijar masu dabino da cuku, ya sayi cuku, ranar Asabar ya kai Gagarawa ya ce in ji Yaya Ƙarama. Yaya Babba ta juya cukun gaba da baya, ta ce yarinyar ta fara hankali. Yarinyar a lokacin tana da jikoki huɗu.

Haka muka yi fiye da shekara goma. Bayan wata biyu ko uku in ƙulla daddawa, shi ya sayi cuku, gaisuwa tana tafiya tana dawowa. A yadda muka tsara, kowacce tana ganin ɗayar ce ta fara saukowa. Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne hana su haɗuwa. Bikin 'yarmu ta fari ya ce wa ɗaya ranar kamu ake buƙatarta, ya ce wa ɗayar ranar kai amarya, ya kuma raka ta farkon zuwa tasha da kansa tun da sauran rana. Da jikoki suka ce a haɗa su a waya, ya ce kunnen Yaya Babba ba ya jin waya, wanda kusan gaskiya ne. Na sha gaya masa wata rana za su zauna a tabarma ɗaya, ɗaya ta yi godiya. Ya ce kafin ranar zukata sun yi sanyi, kuma shi zai zauna a tsakaninsu ya san yadda zai juya maganar.

Bara bayan girbi ya fita ranar Talata da ɗan zazzaɓi. Na ce ya bari sai wani makon. Ya ce akwai masu biki suna jiran 'yan kunne, ga kuma ƙullin daddawa ya riga ya shiga akwati. Ranar Laraba da hantsi aka kawo shi a mota daga zauren malamin nan, wani ya biyo da babur da akwatin. Aka kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya yi. Ranar Alhamis bayan azahar ya cika, ana tsakiyar cin kasuwar Maigatari. Aka binne shi kafin magariba.

Washegari suka iso, Yaya Ƙarama da safe, Yaya Babba wajen la'asar. Ina zaune a ɗaki na shiga takaba, mata suna shigowa suna fita. Da Yaya Babba ta shigo, Yaya Ƙarama ta gyara mata wuri a tabarma. Suka yi wa juna gaisuwar mutuwa, suka yi kuka kaɗan, suka sa ni a tsakiya. Ina jin kunyar faɗa, amma a kwanakin nan rabin zuciyata yana wajen mijina, rabi yana wajen bakunansu. In ɗaya ta ce na gode, ɗayar ta ce da me, wahalarsa ta shekara goma ta rushe alhali bai kwana uku a ƙasa ba. Kuma ni kaɗai na rage da za a tambaya.

Ranar uku, bayan an yi addu'a maza sun watse, babban ɗanmu ya shigo da akwatin don a ajiye a ɗakina. Kwana biyar ƙullin yana ciki a rufe, tun kafin a buɗe kowa a ɗakin ya ji. Ya ɗauko shi da yatsu biyu ya tambaya na wane ne. Shi bai san komai ba.

Yaya Ƙarama ta miƙa hannu. "Nawa ne."

Ta ɗora shi a cinya tana shafa tsumman. Can ta juya ta bayan kaina.

"Yaya, na gode. Duk waɗanda kika aiko sun iso. Ban taɓa faɗa miki da bakina ba."

Yaya Babba ta sa hannu a bayan kunne. "Me kika ce?"

Yaya Ƙarama ta sake faɗa da ƙarfi, har matan da ke tsakar gida suka ji. Ta ƙara da cewa ita ta daɗe da yafewa, tun ranar da ƙulli na farko ya zo ta san Yaya ta sauko.

Ni ina kallon carbin hannuna. Yaya Babba ta dubi ƙullin, ta dube ni. Mace ce da ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ko akuya ta taka sai ta ce akuyar ce ta shigo mata hanya.

Ta ce, "Ba yawa."

Yaya Ƙarama ta ce ta bana ma ta fi ta bara ƙamshi. Yaya Babba ta ce zoɓorodon bana ne ya yi kyau. Ba ta ambaci cuku ba. Aka shigo da kunu.

Ranar da Yaya Babba za ta koma ta jira ɗakin ya zama ba kowa, ta matso kusa da ni.

"Amarya, hannunki ne ko?"

Na ce nawa ne.

Ta ce ita tun cukun farko ta gane Auta ne ya saya. An naɗe shi a irin takardar da yake naɗe kwalli, kuma ya zo cikakke, alhali ƙanwarta tun suna yara ba ta taɓa ba ta abu ba sai ta gutsiri gefe. Na ce to me ya hana ta faɗa? Ta ce yaron yana shan wahalar hanya, kuma cukun mai kyau ne. Abin da ba ta sani ba shi ne me ake kaiwa can da sunanta. Ta yi zaton kuka ce ko busasshiyar kuɓewa.

"Ashe har daddawa na iya," in ji ta. "Tawa ɗaci take yi, tun ina budurwa."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ita ta goya shi, ga shi ya riga ta.

Sannan ta ce in ci gaba. Shekara goma ana yabon wannan, in ta aika tata za a ce hannunta ya lalace. Za ta riƙa aiko mini da 'ya'yan zoɓorodo daga gonarsu, in yi, a ba direba.

Na yi a cikin takaba. Ɗana ya kai tasha ya ba wani direban Maigatari wanda ya san gidan. Mutumin kirki ne, har ƙofa yake kaiwa. Sai dai ba ya sauka. Yakan tsaya ya yi sallama ta taga, ya miƙa ƙullin, ya ja mota, fasinja suna jira. Yaya Ƙarama ta tambaye shi me Yaya ta ce, ya ce ba ta ce komai ba. Ta tambaye shi ta rame ko ta yi ƙiba, ya ce shi a tashar Gumel aka ba shi. Wannan bai dame ta ba, duk abin da ya fito Gagarawa ta Gumel yake bi. Rashin maganar ne ya dame ta.

Ƙulli na biyu ma haka. Saura kwana kaɗan in fita takaba sai ga Yaya Ƙarama da hantsi, da jakarta a hannu, ranta a ɓace. Ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba. Ta ce sau biyu ke nan ana aiko mata daddawa ba gaisuwa, ba ina gajiya, kamar ana ba da sadaka. Ta ce da Auta yana nan, har tarin da Yaya ta yi sai ya faɗa mata, da kalar zanin da ta ɗaura. Ta tambaye ni ko na san laifin da ta yi a zaman makoki. Na ce ban ga ta yi laifi ba. Ta ce to za ta je ta ji da kunnenta. Ta tambayi inda ake shiga motar Gagarawa yanzu, domin rabonta da hanyar tun tsohuwa tana da rai. Ɗana ya ɗauke ta a babur ɗin ubansa ya kai ta tasha.

Ta ce kwana ɗaya za ta yi. Ta yi huɗu. Da ta biyo a hanyar komawa ta sha ruwa a ɗakina, ban tambaye ta abin da suka tattauna ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta dai ce Yaya ta rame, kunnen kuma ya ƙara lalacewa, magana ɗaya sai an maimaita ta sau uku, shi ya sa ta daɗe. Ta ce bayan Sallah za ta koma, in gwiwa ta bari.