Ranar da na mayar da taken Sarkin Noma ƙarshe

Shekarun baya, ina shirin shiga ajin ƙarshe a wata jami'a da ke kudu, inda na karanta fasahar ɗaukar sauti da haɗa kiɗa, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauko wani kiɗa na garinsu, ya gyara shi a situdiyo, shi ne aikin kammala karatunsa. Da na ji haka sai na ga kamar don ni aka tsara. A ƙauyenmu da ke kusa da Bukkuyum katanga ɗaya ce ta raba mu da wani dattijo makaɗin noma, Baba muke ce masa, kuma tun kafin a haife ni gangarsa ce ke fitar da garin gona.

Na dawo hutun damina da makirufo biyu na aro, da abin sauraro rataye a wuya ko rijiya zan je, ina ta jin kaina. Inna ta dube ni ta ce, "Wanga abu da kar rataya awa akuyar da za a kai kasuwa, shi na karatun?" Da na gaya wa Baba buƙatata, cewa ya yi, "Ɗauki abinka, ɗana, in dai shina sa ka ci jarrabawa."

A wajenmu kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai. Ranar gayya, idan gari ya taru a gonar mutum ɗaya don a taya shi noma, makaɗi kan bi taken nan ɗaya bayan ɗaya, wanda duk aka buga nasa sai ya yi kururuwa ya ƙara danna hauya. Taken Sarkin Noma shi ne farko, sannan na masu bi masa a girma. Ba a rubuce yake ko'ina ba, amma kowa ya sani. Na wuni cikin taɓo a gayyar Sarkin Noma ta shekarar, na samu minti arba'in masu kyau, har ƙarar hauya da guɗar mata masu kawo fura duk sun fito.

Da na koma makaranta na kunna wa malamin da ke duba aikina. Bai yi minti biyu yana saurare ba ya yamutsa fuska, ya ce wannan na farkon barci zai sa mutum. Gaskiya ne taken Sarkin Noma a hankali yake tafiya, da nauyi, irin tafiyar manya. Ya yi ta tsallakawa har ya zo kan na bakwai, mai sauri da zaƙi, ya ce, "Yawwa, da wannan za ka buɗe. Ka rage duka ya koma minti huɗu. Mai sanyin nan ka kai shi ƙarshe, ka riƙa rage sautinsa a hankali har ya ɓace."

Take na bakwai kuwa na ƙanen Sarkin Noma ne, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna a kan sarautar. Na yi wa malamin bayani dalla-dalla. Ya yi dariya ya ce, "Injiniyan sauti muke koya maka zama, ba mai unguwa ba. Wa zai ji shi a ƙauyenku? Daga ni sai mai jarrabawa." Na sake tambayarsa ko ya tabbata ba zai fita ba, ya ce ya tabbata. Sai na zauna na yanka, na jera yadda yake so. Ba zan ɓoye ba, da na saurara ni ma na ji ya yi daɗi, har ina kaɗa kai. Na ci maki mafi yawa a ajinmu.

Ashe mutumin nan ya ɗora shi a shafin sashenmu na intanet don a ga irin aikin da ɗalibansa ke yi. Bai tambaye ni ba, bai ko gaya mini ba. Daga can wani ya sauko da shi, ya faɗa hannun masu tura waƙoƙi a waya. Ana farkon damina, ina tsakiyar jarrabawar ƙarshe, Inna ta kira ni, ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

"Mi kay yi ma makwabcinmu? Kiɗin da kaɗ ɗauka shina cikin wayar kowa, ran kasuwar Bukkuyum har cikin mota anka sa shi. Mutane na hwaɗin ya juya ma Sarkin Noma baya, ya bi ƙanenai. An aiko mishi kada shi taho da gangatai gayyar bana."

Na tafi ofishin malamin. Kun san abin da ya ce? Wai ai gata ya yi wa tsohon, yanzu duniya ta ji shi. Wai in je in yi musu bayani, tsari ne kawai na sauti. Tsari! Mutum ya yi shekara arba'in yana kiyaye wa zai buga wa kafin wa, kai ka zauna a ɗaki mai sanyi ka birkita masa a minti biyu, sannan ka ce gata ka yi masa. Na so in faɗa masa maganar da ke bakina, amma takardata na kan teburinsa tana jiran sa hannu. Na haɗiye, na ce na gode, na fita. Wannan godiyar har yau tana ci mini rai.

Ina gama jarrabawa na kamo hanya, na iso saura kwana uku gayya. Na yi zaton Baba zai yi mini faɗa, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ni dai na san abin da nib buga. Amma sun ce hannuna ne sunka jiya, kuma hannuna ne."

Bayan la'asar ni da Baba muka tafi zauren Sarkin Noma, na buɗe kwamfuta na kunna masa na asalin. Ya saurari minti arba'in ɗin duka, takensa a farko kamar yadda aka saba, kowa a wurinsa. Da ya ƙare ya dube ni.

"To wa ya ɗauke ni daga gaba yak kai ni baya?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Malamina ne ya ce a yi haka."

"Malamin naka ya san ni?"

"A'a."

"Kai hwa?"

Na sunkuyar da kai.

Sai ya juya wajen Baba ya nemi gafararsa, ya ce ya zarge shi a kan abin da bai yi ba. Amma ya riga ya aika wa wani makaɗi daga wajen Gummi goron gayyata, mutumin ya karɓa, ba zai yiwu a ce masa ya zauna ba. "Baɗi, in Allah ya kai mu," in ji shi. Baba ya ce babu komai.

Ranar gayya gari ya watse zuwa gona, ni da Baba muka zauna a ƙofar gidansa. Iska na kawo mana kiɗan baƙon daga nesa. Yatsun Baba na ta motsi a kan gwiwarsa. Da aka zo wani wuri ya girgiza kai ya ce, "Ya yi gaggawa," ya tashi ya shiga gida.

Baɗin da aka ce kuwa ba a yi gayya ba. Majiya ƙarfin garin sun koma ramukan zinare, Sarkin Noma ya sayi maganin feshi ya kashe ciyawarsa da mutum biyu. Shekara ta gaba ma haka. Ashe waccan ita ce gayya ta ƙarshe a garinmu, kuma Baba a ƙofar gida ya ji ta. Ya yi shekara huɗu bayan nan kafin Allah ya yi masa rasuwa, yana gaisawa da ni lafiya lau, bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Yanzu aikin situdiyo nake yi, kuma ko numfashin mawaƙi ba na cirewa sai na kira shi na tambaya, har wasu na cewa na cika tsirfa. Su faɗa. Idan na tuna malamin nan raina na ɓaci kamar jiya aka yi, don na tabbata ya manta da zancen tun a makon. Amma haushin kaina ya fi, domin shi bai san komai ba, ni kuwa na sani sarai na yanka.

Na kai wa masu tura waƙoƙi na asalin kyauta, na roƙe su su riƙa ba mutane shi. Suka ce ya yi tsawo, yana cinye wuri a waya, ba mai so. Na minti huɗun har yau nakan ji shi a tasha ko a wayar wani direba. Na minti arba'in ɗin, wanda shi ne abin da Baba ya buga, mu uku ne kawai, ni da shi da Sarkin Noma, muka taɓa saurarensa har ƙarshe, kuma biyu sun rasu.